Me ke hana makaɗan Carolina Crown ɗaukar kofin ganga?

Ɗan Shalot: Assalamu alaikum jama'a. Akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, yau dai na ce bari in kawo shi nan. Shekarata goma sha ina bin gasar ƙungiyoyin badujala ta DCI (Drum Corps International) a nan Amurka, kuma kowa ya san ni ɗan Carolina Crown ne, don Fort Mill, garin da ƙungiyar take, maƙwabtanmu ne, mota ba ta rabin awa. A wajen busa ba mai ja da su. A 2013 suka ɗauki kofin duniya da maki 98.30, alƙalin busa ya ba su maki cikakku, ba ragi ko kaɗan. Amma a daren nan makaɗansu na shida suka zo. Na shida! Ƙungiyar da ta fi kowa a duniya, gangunanta na shida. Kofin Fred Sanford, wanda ake ba makaɗan da suka fi kowa, ya je Phantom Regiment, ya je Cavaliers, ya je Blue Devils, ya zauna a Santa Clara Vanguard shekara huɗu a jere, mu muna kallo. Ina tsayawa a filin ajiye motoci in kalli yaran nan suna ɗumama hannu kafin su shiga, wallahi hannuwansu ba su da aibu. To me ke faruwa tsakanin filin mota da filin gasa?

Malamin Fareti: Wa alaikumus salam. Ni daga Kaduna nake, badujalar makarantar sakandare nake koyarwa, a YouTube kawai nake ganin waɗannan mutanen. Kafin a yi nisa, don Allah a yi mini bayanin yadda ake raba makin. Ina ganin lambobi birjik a takardar sakamako ban san wanne ne na ganga ba.

Tsohon Ɗan Bes: Malam, maki ɗari ne gaba ɗaya. Arba'in na tasirin wasan ne, wato yadda ya shiga jikin mai kallo. Talatin na abin da ido ke gani, tafiya da tsari da 'yan tuta. Talatin na kiɗa. A cikin na kiɗan akwai alƙalin busa, da alƙalin ganga, da mai sauraron yadda duka suka haɗu. Kowanne yana ba da maki bisa ashirin, sai a tara a raba biyu. Ka ga ke nan alƙalin ganga maki goma kacal yake riƙe da su a cikin ɗari. Shi ma ashirin ɗin nasa gida biyu ne: abin da aka rubuta muku ku buga, da kuma yadda kuka buga shi. Kofin Sanford kuwa ba na dare ɗaya ba ne, ana haɗa makin kwana ukun ƙarshe a Indiyanapolis a fitar da matsakaici.

Malamin Fareti: Na gode. Ashe ma ganga ba ta da wani nauyi sosai a lissafin.

Tsohon Ɗan Bes: A takarda haka ne. Amma a 2008 Phantom Regiment sun doke Blue Devils da 98.125 a kan 98.100. Tazarar 0.025 ce. A shekarar kuwa Phantom ne suka ɗauki kofin ganga. Da makaɗansu sun ɗan yi sanyi ko da ƙwayar gero, da kofin duniya ya tafi Kalifoniya, gidan Blue Devils. Kuma idan ganga ta karkace ba alƙalinta kaɗai ke ji ba, mai sauraron haɗuwar kiɗa yana ji, alƙalan tasiri ma suna ji.

Yaya Ɗan Shalot, amsarka tana cikin tambayarka. Ka ce a filin mota ba su da aibu. A filin mota kowa gwani ne. Na yi bazara uku ina ɗauke da babbar ganga ta uku a wata ƙaramar ƙungiya, ba zan kira sunanta ba. A filin mota muna tsaye kafaɗa da kafaɗa, na'urar ƙidaya tana ƙara a bayanmu, ina jin numfashin na kusa da ni. Da mun shiga fili sai a watsa mu, ba na'ura, 'yan busa kusan tamanin suna hura mana iska a ƙeya, muna tafiyar kaguwa gefe-gefe don dole fatar ganga ta kalli inda aka ce. Abin da ka ji a waje da abin da alƙali ya ji a ciki ba abu ɗaya ba ne.

Injiniya: Bari in sa lissafi a kan maganar ƙanena. Sauti yana tafiya kamar mita 343 a daƙiƙa ɗaya. Faɗin filin ƙwallon Amurka daga layin gaba zuwa layin baya ƙafa 160 ne, kusan mita 49. Wanda ya buga ganga a layin baya, sai bayan kusan kashi ɗaya cikin bakwai na daƙiƙa sautinsa zai iso gaba. Idan ana kiɗa a gudun bugu 180 a minti, bugu ɗaya kashi ɗaya cikin uku ne na daƙiƙa, idan ka raba shi huɗu kamar yadda masu ganga mai tsarkiya ke yi, kowane ƙaramin bugu kashi ɗaya cikin goma sha biyu ne. Wato jinkirin nan ya fi ƙaramin bugu guda, ya kusa biyu. Shi ya sa doka take: na baya ya kalli hannun madugu, wato mai jagorantar kiɗa daga gaba, kada ya saurari gaba, na gaba kuma ya saurari baya kada ya bi hannu. Masu marimba, abin kiɗan nan mai jerin katako da ake bugawa da sanduna, da ke zaune a bakin layi ba sa bin madugu, kunnensu na wajen gangunan da ke bayansu.

Matsalar ita ce mai zana tafiyar fili ba ya barin makaɗa wuri guda. Yanzu suna baya, bayan bugu goma sha shida suna gefe, bayan wasu suna gaban 'yan busa. Duk inda suka koma, wanda za su saurara ya canza. Ƙungiyar da ta gina sunanta a kan busa, mai zanenta zai fara tunanin inda zai ajiye 'yan busa su yi daɗi a kunne, sauran wurin da ya rage shi ne na ganga. Ni a ganina nan ne gizo ke saƙar.

Ɗan Shalot: Injiniya, wannan ta shige ni. Amma ai Blue Devils ma suna cin kofin busa suna cin na ganga. Ba dole ba ne ɗaya ta danne ɗaya.

Injiniya: Gaskiyarka. Ban ce dole ba. Na ce sai an zauna tun watan Nuwamba, mai rubuta busa da mai rubuta ganga da mai zanen fili a tebur ɗaya, kuma muryar mai ganga tana da nauyi a teburin. Tun ran gini tun ran zane.

Baba Mai Tsarkiya: Yara, ku bari tsoho ya sa baki. Na zo ƙasar nan karatu ƙarshen shekarun 1970, a jihar Wiskonsin, inda aka yi gasar DCI ta farko a garin Whitewater a 1972. A lokacinmu alƙali yana bin makaɗa da allo a hannu, duk kuskuren da ya ji ya ja layi, kowane layi ragi ne. Ba ruwansa da dabara ko ado. Sai daga 1984 aka bar wannan tsarin aka koma ba da maki bisa abin da ka gina. Ni ban ce na da ya fi ba. Amma abu ɗaya da tsohon tsarin ya koya wa mutane shi ne tsoron datti. Mutum tara su buga, ka rufe ido ka ji kamar mutum ɗaya ne. Garfield Cadets a 1987 sun samu maki cikakku a ganga, ku je ku nemi faifan ku saurara.

Yanzu abin da nake gani, ana cika wa yara littafi, wato kiɗan da aka rubuta musu, da bugu barkatai don a burge masu ɗaukar bidiyo a filin mota. Sai Agusta ta zo ba a gama wanke shi ba. Fatar Kevlar kuwa, ta wani zare mai tsananin ƙarfi, da ake ɗaurawa yanzu ba ta rufa wa kowa asiri, an ja ta ta yi tauri kamar tebur, idan sandar mutum ɗaya ta riga ta sauran da ƙiftawar ido, na saman bene ma ya ji.

Tsohon Ɗan Bes: Baba, Allah ya ƙara girma. Rabin maganarka na karɓa hannu biyu. Amma idan aka sauƙaƙa littafin, gidan farko na makin ya faɗi. Alƙali zai ce kun buga da tsabta amma me kuka buga? An sha ganin haka. Malamanmu suna da abin da suke kira zuba ruwa, wato idan Yuli ta raba wani wuri ya ƙi wankuwa, sai a cire masa bugu a sassauta. A shekarata ta biyu an zuba wa littafinmu ruwa har ya zama ba ɗanɗano. Muka buga tsaf, makinmu bai motsa ba.

Baba Mai Tsarkiya: Ai ba sauƙi na ce ba, ɗana. Cewa na yi a rubuta wa yaran da ke gabanka. Mai rubutu da yawa yana rubuta wa makaɗan da yake mafarkin samu, ba waɗanda suka zo gwaji ba.

Maman Makaɗi: Salamu alaikum. Na daɗe ina karantawa ban taɓa magana ba. Ni 'yar zangon Kumasi ce, muna zaune Kolombus ta Ohayo. Ɗana ya yi bazara biyu yana buga ganguna masu jere, waɗanda ake rataya su biyar ko shida a gaba, nauyinsu ya haura kilo 15. Duk kuna maganar kunne da lissafi, ba wanda ya yi maganar kuɗi da jiki. Dubban daloli muka biya kowace shekara, ban da kuɗin jirgi zuwa zaman gwaji na lokacin sanyi. Yaron nan ya bar gida tsakiyar Mayu bai dawo ba sai tsakiyar Agusta. Barci a cikin bas, in an isa a shimfiɗa katifar iska a daɓen ɗakin wasanni na wata makaranta, a tashi a yini a rana. Shekara ta uku ya so komawa, ni da babansa muka duba aljihu muka ce ya yi haƙuri. Shi ne mafi daɗewa a layinsu, da ya koma shi zai ja sauran. Aka sa sabon yaro. Ku lissafa gidaje nawa ne irin namu. Layin da ake sake wa mutane rabi duk shekara yaushe zai zama kamar mutum ɗaya yadda Baba ke so?

Ɗan Shalot: Hajiya, sannu da ƙoƙari, Allah ya yi wa yaron albarka. Wannan gaskiya ce mai ɗaci. Ko manyan ma ba su tsira ba. Santa Clara Vanguard da kansu sun zauna a gida a 2023 saboda kuɗi, Cadets kuwa da suka ci kofin duniya sau goma sun rufe gaba ɗaya a 2024.

Maman Makaɗi: Amin, na gode. Ga kuma ƙa'idar shekaru, da ka wuce 21 shi ke nan, sai wanda ranar haihuwarsa ta ba shi damar kaiwa 22. Yaro yana fara nuna ke nan lokacinsa ya ƙare. Annobar 2020 ma ta cinye wa da yawa shekararsu ta ƙarshe.

Tsohon Ɗan Bes: Maganar Mama ita ta kawo ni inda nake so in je tun ɗazu. Yaya Ɗan Shalot, ka dubi inda kofin Sanford ya yi ta zuwa, kada ka dubi rigar ƙungiya, dubi malamin. Paul Rennick da matarsa Sandi suna Phantom Regiment, Phantom ta ci a 2006, 2008 da 2010. A 2010 ɗin ma ƙungiyar ta shida ta zo a jimla, amma gangunanta na ɗaya. Suka koma Santa Clara Vanguard a 2011. Ba a shekarar suka ci ba, ba a ta biyu ba, ba a ta uku ba. Sai 2014. Daga nan 2016, 2017, 2018, 2019. Shekara uku suna shuka kafin su girba, kuma ƙungiyar ta yi haƙuri da su. Shi Rennick malami ne a Jami'ar Arewacin Teksas da ke Denton, ɗalibai suna koyon riƙon sandarsa da irin sautin da yake so tun daga aji, su bi shi bazara. Ranar farko ta atisaye ba a fara daga yadda ake ɗaga sanda. A Blue Devils kuma Scott Johnson ne, shi da ya buga a ƙungiyar tun shekarun 1970 yana saurayi, ya zo ya shafe shekaru aru-aru yana jan ragamar gangunanta. Yaron da ke son irin bugun Blue Devils ya san abin da zai tarar tun yana ɗan shekara goma sha huɗu, ya fara kwaikwayonsa a ɗakinsa.

Makaɗi malami yake bi. Ɗan busa da ya fi kowa a makarantarsu mafarkinsa Crown, wannan ba musu. Makaɗin da ya fi kowa, idan ka tambaye shi ƙungiya uku da yake so, sau nawa za ka ji Crown a farko? Suna ne ke jawo gwanaye, gwanaye su kawo kofi, kofi ya ƙara suna. Shiga wannan zagayen shi ne wahalar. Kuma duk lokacin da aka canza malamai, an koma farko: sabon riƙo, sabon tsayin sanda, sabon ɗaurin fata, tsofaffin yara wasu su bi malaminsu su tafi.

Ɗan Shalot: Ka taɓa inda ke mini ciwo. Tun da na fara binsu an sauya masu jan gangunan fiye da sau ɗaya, kuma kowane sauyi sai ka ji sautin layin ya zama wani daban. Mutanen da aka kawo ba ƙanana ba ne, Thom Hannum da Baba zai sani, wanda ya yi aiki da Cadets ɗin 1987, ya yi shekaru tare da su. To amma ɓangaren busa fa, hannu ɗaya ne ya riƙe shi shekara da shekaru.

Baba Mai Tsarkiya: Na san aikinsa sarai. Ka ga ke nan ba rashin gwani ba ne.

'Yar Marimba: Ina neman afuwa, amma tun ɗazu ana ta magana kamar ɓangaren ganga masu tafiya ne kawai. Mu fa? Mu goma sha ne a bakin layi, marimba da bibrafon da timfani da kayan lantarki, kuma alƙalin nan guda mu ma yana ba mu maki. Tun 2019 da aka hana alƙalai kutsawa cikin fili aka tsayar da su a bakin layin gaba, wa ya fi kusa da kunnensa? Mu ne. Idan masu tafiya suna can baya bayan 'yan busa da kayan ado na fili, ba abin da zai ji sosai sai mu. Na yi shekara biyu a gaba, kuma abin da ya fi cutar da mu ba hannu ba ne, na'urar ƙara sauti ce. An halatta lasifika a 2004, kayan lantarki a 2009, tun daga nan rabin sautinmu yana hannun mutumin da ke zaune da na'urar haɗa sauti. A wata gasa an ɗaga ƙarar madannin lantarki har ya binne marimba huɗu, duk abin da muka yi wata biyu muna gogewa ba wanda ya ji. Da muka saurari faifan alƙali, cewa yake yana ganin hannuwanmu na aiki amma ba ya jin komai. Na yi kuka a bas ranar.

Injiniya: Ƙanwata, kin faɗi gaskiya, kuma laifin irin mu ne masu na'ura. A ƙara da cewa tun 2009 a filin Lucas Oil da ke Indiyanapolis ake yin wasan ƙarshe, rufaffen wuri ne. Duk bazara kuna wasa a filayen makarantu a sarari, sauti ya tafi abinsa. Ranar da ta fi kowace muhimmanci sai ku shiga ɗaki mai amsa kuwwa, manyan ganguna su yi ta gurnani suna dawowa. Ɗaurin fata da saitin lasifikar da suka yi daɗi a fili a Ayowa ba lallai su yi a can ba. Ƙungiyar da ke da mai sauti da ya san ɗakin ta riga ta sha gaba.

Malamin Fareti: Ni fa ina ta rubutawa a littafi. Amma ina da ja a kan abu ɗaya. Kuna ta neman dalilai, ba ku tunanin alƙalan ne kawai suka saba? Mu nan a gasar fareti ta makarantu, makarantar da ta saba ci ko ta yi kuskure sai ka ga an ba ta. Ba mamaki can ma suna ne ke cin kofi.

Ɗan Shalot: Malam, zuciyata ta sha raya mini haka, ba zan ɓoye ba. Ana yawan faɗa a nan cewa tun Yuli alƙalai ke jera ƙungiyoyi a ransu.

Tsohon Ɗan Bes: Alƙali mutum ne, kuma wanda ya yi wasa a ƙarshen dare yana da ɗan tagomashi a kan wanda ya yi da rana tsaka, wannan kowa ya sani. Amma a ɓangaren ganga zargin bai da ƙarfi sosai. A 2023 Cavaliers na takwas suka zo, kuma su suka ɗauki Sanford. Ga Phantom ta 2010 da na ambata. Ga Crown ɗin kanta a 2013, da suna ne ke ba da maki ai da alƙalin ganga ya ɗaga su tunda su ne zakaru. Bai ɗaga ba. Alƙalan ganga sun fi kowa taurin kai, abin da kunnensu ya ji shi suke rubutawa. Ni na fi yarda da su a kan na tasiri.

Baba Mai Tsarkiya: Haka ne. Wanda ya ɗora wa alƙali laifi ya rufe wa kansa ƙofar gyara.

'Yar Marimba: Akwai kuma abin da ban ji an ambata ba, gasar cikin ɗaki ta lokacin sanyi, WGI, da ake ƙarewa a Dayton duk Afrilu. Yawancin makaɗan da ke manyan layuka ba sa ajiye sanda daga Agusta zuwa Mayu, suna cikin ƙungiyoyin sanyi irin su Rhythm X ko Music City Mystique ko Pulse ko Broken City. Idan mutum huɗu daga layi ɗaya na sanyi suka tafi ƙungiya ɗaya da bazara, sun zo da kunne ɗaya. A can kuma ba 'yan busa, ganga ce sarauniya, an saba a ba ta fili ta yi magana. Sai su zo bazara a ce musu ga daƙiƙa arba'in ɗinku, sauran minti goma ku raka busa.

Ɗan Shalot: To ai nan ne nake rabuwa da ku kaɗan. Ni abin da ya sa na kamu da son Crown shi ne wannan busar da ke sa tsikar jiki tashi. Idan za a rage ta don a ba ganga fili, ban san ko ina so ba. Ina son kofin, amma ba na son su zama wata ƙungiya daban.

Injiniya: Ba sai an rage ba, Yaya. Rakiya ma ana cin maki da ita idan an rubuta ta da hankali. Saurari yadda Vanguard ɗin 2018 ke yi a wuraren da ba nasu ba, inda 'yan busa ke jan waƙa a hankali. Gangunan ba su yi shiru ba kuma ba su yi hayaniya ba, suna ƙasa-ƙasa, sanda ba ta tashi inci uku daga fata, amma kowane bugu yana da siffa. Buga a hankali da tsabta ya fi buga da ƙarfi wuya nesa ba kusa ba, kuma alƙali ya san haka. Abin da ke kashe layi shi ne a ba shi abin cike gurbi na minti takwas, sannan a ce ya nuna duk gwanintarsa a guje cikin minti ɗaya yana tsallake rabin fili.

Tsohon Ɗan Bes: Wallahi kamar kana wurin. A shekarata ta ƙarshe, wurin da aka ba mu mu nuna kanmu, an sa mu ja da baya da manyan taku, ga mu biyar kowa da nasa bugun a jere kamar mutum ɗaya ke gangarowa daga ƙaramar ganga zuwa babba. Mu 'yan bes, masu manyan ganguna, gefe muke kallo, ba ma ganin inda muke zuwa. Malaminmu ya roƙi mai zane ya rage takun ko ya matso da mu yadi biyar gaba. Aka ce zanen ya riga ya zauna, 'yan tuta za su bi ta wurin. Har daren ƙarshe ba mu taɓa buga wurin nan da tsabta sau biyu a jere ba. A tsaye kuwa ko cikin barci aka tashe mu za mu buga shi.

Maman Makaɗi: Ɗana ma ya sha faɗin irin wannan. Yana dawowa gida da ciwon baya da gwiwa, yana cewa Mama ba kiɗan ne ke da wuya ba, gudun ne.

Malamin Fareti: Jama'a Allah ya saka da alheri. Yarana ashirin da biyu ne, gangunanmu ma fatar roba ce ta gama-gari, ba mu da marimba balle lasifika. Amma matsalar da Injiniya ya lissafa ina ganinta duk ranar fareti: idan layi ya miƙe a filin wasa, na baya suna jan ƙafa, ni kuma ina ta yi musu faɗa ina cewa ba sa saurare. Ashe saurarensu ne ya jawo. Ɗan Bes, in na so in gwada gyarawa gobe, ta ina zan fara?

Tsohon Ɗan Bes: Malam, raba su biyu, rabi a wannan gefen fili rabi a wancan, kai ka tsaya kusa da rukuni ɗaya inda kowa ke ganin hannunka. Ka ce su buga bugu takwas-takwas suna bin kunne, za ka ji na nesa sun makara. Sai ka ce na nesa su manta da kunne su bi hannunka kawai, na kusa da kai kuma su daina kallonka su jira sautin na nesa su hau kansa. Da farko na nesa za su ce maka suna jin kamar sun riga kowa, ka ce musu haka ake so. In ya zauna a tsaye, sai ka sa su taka a wuri ɗaya, bayan kwana biyu ka fara matsar da su taku takwas gaba, takwas baya. Kada ka ƙara gudu sai ƙafa da hannu sun daina faɗa. Ka ɗauko mana a waya ka turo, amma ka tsaya a inda alƙalan faretinku ke zama, ba a tsakiyar yaran ba.

Malamin Fareti: In sha Allahu ranar Alhamis, don Laraba muna da jarrabawa.

Ɗan Shalot: Ni ma bana in Allah ya kai mu zan bar filin mota, in sayi tikitin ƙasa kusa da layi in ji abin da alƙalin ke ji. 'Yar Marimba, wane gefe ya fi, dama ko hagu?

'Yar Marimba: Tsakiya, Yaya, daidai layin yadi 50, amma kada ka zauna gaban lasifika. Hau sahu goma ko sha biyu.